Kwamfuta Ɗaya, Hannu Goma



Yau maganar kwamfutar haɗaka za mu yi. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaranmu kuwa a shagunan intanet da ɗakunan kwamfuta na makarantu suke koyo. Kwamfuta ɗaya, hannu goma. Sau da yawa kuma suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya. Wani ya bar imel ɗinsa a buɗe, na bayansa ya karanta. Wani ya goge aikin wani, a rasa wa za a tambaya.

To, ina mafita? A ware kwamfuta guda ta zama uwa. Ita ke riƙe sunan kowa da kalmar sirrinsa. Ko a wace kwamfuta ɗalibi ya zauna, da sunansa zai shiga. Ya gama karatu, a rufe sunan a wuri ɗaya. Don wannan aiki, Microsoft na da manhajar Active Directory, manhajar Samba kuwa kyauta ce.

Sai dai uwar tana son wuta kullum, malamai ku tanadi sola.

Mu kwana nan, a huta lafiya.