Abin Da Kyamara Ta Koya Mana A Gonakin Garun Malam



Kafin mu shiga cikin bayani ya kamata mu faɗa muku gaskiya, mu ba gwanaye ba ne a sana'ar ɗaukar hoto. 'Yan koyo ne kurum, mu huɗu, da kyamara guda ta aro da wani littafin Turanci da ya sha jiki. Abin da za mu gabatar a yau shi ne ɗan abin da muka tsinta cikin makonnin da muka yi muna kai da kawowa a gonakin noman rani na Garun Malam, daga tsakiyar watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko.

Da farko dai littafin nan namu ya so ya ɓatar da mu. Marubucinsa ya ce babu lokacin da ya fi dacewa da ɗan koyo kamar lokacin da ƙanƙara ta narke a Turai, itatuwa suka fara toho, furanni suka buɗe. To, mu a ƙasar Hausa ba mu da irin wannan lokaci. Abin da muka sani shi ne damina da kaka da hunturu da bazara, ita kuwa bazara lokaci ne na zafi da ƙura da ƙeƙasasshiyar ƙasa. Sai wani daga cikinmu, ɗan asalin Kura, ya ce in dai kore muke nema a watan Maris, mu bi shi.

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano ya wuce Kura ya san abin da muke nufi. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974, ruwa ke gangarowa da kansa ta manyan magudanai ba tare da injin turawa ba, yana shayar da dubban kadada a yankunan Bunkure da Kura da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita aka damƙa wa kula da aikin. A Kadawa kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa tashar gwajin noman rani. Saboda haka a lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙayau, nan sai ka ga alkama ta nuna, ga tumatir da albasa da masara, ga balbelu suna bin masu ban ruwa.

Ranar farko mun isa da tsakar rana, muka ɗauki hotuna fiye da ɗari, muka komo ɗaki muna murna. Da muka duba sai jikinmu ya yi sanyi. Fuskar gona ta yi fari fat, inuwa ta yi baƙi ƙirin, balbelun da muka sha wahalar bi kuwa sun zama kamar ɗigon farar ƙasa, ba gashi ba ido. Daga nan muka gane cewa ba gona kyamara take ɗauka ba, haske take ɗauka.

Wannan ba sabon ilmi ba ne. Kusan shekara dubu da suka wuce, malamin nan Ibnul Haisam ya yi bayanin yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramin rami ya zana siffar abin da ke waje a bango, a kife. Abin da Turawa suka ƙara shi ne dabarar kama wannan siffa ta zauna, wadda Daguerre ya bayyana wa duniya a Faransa a 1839. Har yau kyamara ɗakin duhu ce, ko ta fim ce ko ta zamani mai ƙwaƙwalwa.

Abubuwa uku ne ɗan koyo zai riƙe. Na farko faɗin ƙofar da haske ke shiga. Lambarta a juye take, watau 4 ƙofa ce mai faɗi, 16 kuwa 'yar ƙarama. In ka buɗe ta sosai, furen albasar da ka sa wa ido zai fito rangaɗau, abin da ke bayansa ya dushe. In ka tsuke ta, tun daga kunyar da ke gabanka har zuwa itatuwan nesa duk za su fito. Na biyu shi ne tsawon lokacin da ƙofar za ta yi a buɗe. Tsuntsu mai tashi sai an ƙifta masa cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, in ba haka ba fikafikansa su narke cikin hoton. Na uku shi ne ƙarfin jin haske na ita kyamarar, wanda da rana tsaka 100 ya isa. Waɗannan uku kamar duwatsun murhu suke, in ka taɓa ɗaya dole ka gyara sauran.

Maganar balbela kuwa, daga baya muka gano dalili. Ma'aunin haske da ke cikin kyamara yana ɗaukar kowane abu a matsayin mai matsakaicin haske. Da ya ga duhun ganye ya cika fili sai ya ƙaro haske, farar tsuntsuwa ta ƙone. Maganin abin shi ne ka rage da hannunka mataki guda. Sa'an nan muka sake lokacin zuwa, muka riƙa kwana a Kura, muna fita bayan sallar asuba. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, da kuma bayan la'asar sakaliya, a nan ne haske ke zuwa a kwance, kowace kunya ta yi inuwarta, ruwan magudana ya ɗauki launin sama.

Amma babban darasi, jama'a, ba daga littafi ya zo ba. Wata safiya kusa da kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan muka iske fili guda an shanya yankakken tumatir, ja wur har iyakar gani. Muka durƙusa muna ta ɗauka, muna cewa kai, wannan abu da kyau yake. Ashe mai shi yana zaune a gindin darbejiya yana kallonmu, wani dattijo. Muka gaishe shi a makare, cike da kunya. Ya ce, "Samari, me kuka gani?" Muka ce, "Baba, kyan launin ne ya ja mu." Ya yi shiru, can ya ce, "Wannan da kuke gani ado, ni asara ce. Kasuwa ta cika, kuɗin da aka taya bai kai na kwando da mota ba, shi ya sa na yanka na shanya. In za ku nuna wa mutanen birni, ku gaya musu haka."

Maganar nan ta daɗe tana cinmu. Mun zo neman kore da ja, ba mu tambayi abin da ke ƙarƙashinsu ba. Daga ranar muka sake hali. Ba mu ɗaga kyamara a gonar kowa sai mun yi sallama mun nemi izini, musamman inda mata ke tsinkar tumatir, kuma wanda ya ce a'a mun bar shi. Muka fara ɗaukar abin da dā muke kauce wa: ciyawar kacala da ke toshe magudanai, yaran da ke wanka a ruwan da ake kamuwa da tsargiya, garken jan-baki da ke sauka kan hatsi, da ganyen da tsutsa ta huda, irin tsutsar nan da ta cinye tumatirin Kano a 2016. Kowane hoto kuma muka rubuta masa rana da wuri da abin da manomi ya faɗa.

Hoton da muka fi so shi ne na ƙarshe. A farkon watan Mayu, hadari ya haɗo daga gabas, kuka ta fara fid da sabon ganye, gawo kuwa yana shirin zubar da nasa kamar yadda ya saba in damina ta kusa. Sai ga shamuwa ta iso daga kudancin Afirka, ta sauka kan wata itaciya a bakin gari da tsinke a bakinta. Mun yi kusan sa'a biyu a tsugune kafin ta juyo ta fuskanci haske. Shi ne hoton da ke manne a ƙofar wannan zaure.

Daga ƙarshe, kiranmu ga 'yan'uwa ɗalibai shi ne, yawancinmu akwai kyamara a aljihunmu cikin wayar hannu, amma fuskokinmu kaɗai muke ɗauka. Tsofaffin hotunan ƙasar nan da muke gani a littattafai galibi baƙi ne suka ɗauka, suka kuma zaɓi abin da suka ga dama. In kun je hutu, ku fita da asuba ku ɗauki fadamar garinku da itatuwanta da tsuntsayenta, ku tambayi masu ita, ku rubuta, ku adana. Muna kuma roƙon shugabannin ƙungiya su ware mana allo guda da za a riƙa baje waɗannan hotuna kowane zango.