Taswirar Ambaliya da Haƙƙinmu na Tanka Ta: Jawabi a Taron Shekara na 'Yan Asalin Mazanya



An umarce ni in yi magana a kan ambaliya, da kuma jerin wuraren haɗari da gwamnatin tarayya ke fitarwa kowace shekara. Tun 2013 hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa, NIHSA, take fitar da hasashen ambaliya kafin damina ta kankama, tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ruwa zai iya yi wa ɓarna. Da yawa daga cikinmu a rediyo muke jin sa, mu ce Allah ya kyauta, shi ke nan.

Ba mu da hujjar raina wannan gargaɗi. A daren Lahadi, 15 ga Yulin 2018, ruwa ya sauka a Jibiya, kafin gari ya waye an rasa rayuka fiye da 40, gidaje sama da 500 sun lalace. Tukare, Ɗan Tudu da Unguwar Mai Kwari suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. Ku lura, har unguwar da ake kira Ɗan Tudu ruwan bai ƙyale ba. Wasu gawarwakin sai a cikin Jamhuriyar Nijar aka tsinto su, domin kogin Gada, wanda dam ɗin Jibiya ke kansa, shi ne ke tsallaka iyaka ya zama Gulbin Maraɗi. Gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya zo jaje, haka ma mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo.

To amma ga inda gizo ke saƙar. In an ce ƙaramar hukumar Jibiya tana cikin haɗari, me aka gaya wa mutumin mazaɓar Mazanya da Magama? Ƙaramar hukuma ƙasa ce mai faɗi, akwai jigawa, akwai fadama, akwai kwari. Gargaɗin da ya haɗa kowa a jaka guda bai nuna wa magidanci ko ɗakinsa ne a bakin hanyar ruwa ko na maƙwabcinsa ba. Illarsa biyu ce: wanda ke cikin haɗari na gaske ya kwanta da minshari, wanda kuma ke kan tudu a wayi gari a shafa wa gidansa jan fenti a ce ya tashi.

A Amurka, inda aka kafa tsarin inshorar ambaliya na tarayya a 1968, hukumar FEMA ce ke zana taswira, kuma duk wanda gidansa ya faɗa yankin haɗari, in da bashin banki mai alaƙa da gwamnati ya saya, dole ne ya biya inshora. Saboda kuɗi ne a tsakani, dokarsu ta ba hukumomin gari kwana 90 su ƙalubalanci sabuwar taswira. Sai dai ba da hayaniya ake yi ba. Awo suke kawowa: tsayin ƙasa, faɗin magudana, iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa. Wannan ɗabi'a ce nake so mu ara, ba dokar tasu ba.

Ina roƙon kansilanmu da shugaban ƙaramar hukuma, tare da dagatai da masu unguwanni, su daina karɓar hasashen tarayya kamar wasiƙar da ba a mayar mata da amsa. Dattawanmu sun san inda ruwa ya tsaya a 2018, wasu bangayen har yau da alamar. Cikinmu nan akwai injiniyoyi da masu safiyo. Ƙungiya ta ɗauki nauyin su zo kafin damina, a bi rafi rafi, a auna, a rubuta, a miƙa wa hukumar agajin gaggawa ta jiha da NIHSA da sa hannun shugabanninmu. A duba har da kwalbatocin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya ratsa ƙasar Jibiya, domin duk inda aka tayar da gini mai tsawo irin wannan, ruwa kan sake hanya. Manufa ba a cire sunanmu daga jerin ba ce. A faɗi takamaiman wuri muke so. Kuma in ta kama a tashi wasu, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da su a karkara, don haka babu dalilin tayar da mutum ba a nuna masa inda zai koma ba.

Batun inshora gajere ne. Ba a tilasta wa mai gidan ƙasa a Mazanya ya yi ta ba. Amma manomi na iya shiga tsarin hukumar inshorar noma ta ƙasa, NAIC, wanda ya shafi asarar da ambaliya ke jawowa. Mai shago ko ɗakin ajiyar kaya a Magama da ke ƙyamar inshora saboda addini, akwai takaful, wadda hukumar NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013.

Saura mu mazauna birni. Mu ne ke aiko kuɗi a saya mana fili, mu ji araha mu yi murna, ba mu tambayi dalilin arahar ba. Sannan iyayenmu da ƙannenmu muke zubawa a gidan, mu koma birni. Ina ba da shawara kwamitin ayyuka ya buɗe littafi, duk ɗan ƙungiya da zai sayi fili a gida ya fara tuntuɓar sa, a je a duba wurin a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta sha ruwa.

Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.