Yadda Mawaƙa da Makaɗa Za Su Rage Kashe Kuɗi Wajen Shari'a



Abin da ya tara mu yau magana ce da ta shafi tukunyar gidan kowane ɗayanku. Waƙa dukiya ce kamar gona ko shago, ana sayar da ita, ana ba da hayarta, ana kuma gadonta. Amma sau da yawa mawaƙi yakan yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin ofishin lauya da kotu a kan waƙar da ta fito daga bakinsa, har kuɗin shari'a su cinye abin da ake jayayya a kai. Nufina shi ne in bayyana muku hanyoyin kauce wa wannan asara.

Bari in fara da misali sananne. A shekarar 1997 shahararren makaɗin nan na ƙasar Yarabawa, King Sunny Ade, ya kai ƙarar kamfanin African Songs a Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko a kan faya-fayen waƙoƙinsa na asali. Ba a yanke hukunci ba sai a 2015, inda kotun ta ce a biya shi naira miliyan 500. Ya yi nasara, amma bayan shekara 18. To, jama'a, wane ne a cikinmu yake da ƙarfin da zai riƙe lauya tsawon wannan lokaci? Lalle rigakafi ya fi magani.

Na farko, ku san abin da doka ta ba ku kyauta. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ba mawaƙi haƙƙin waƙarsa da zarar ya ƙirƙire ta kuma ya adana ta a rubuce ko a naɗe. Ba sai ya biya kowa ko kwabo ba. Wannan haƙƙi yana nan tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, watau magadansa ma za su ci moriyarsa. Sautin da aka naɗa kuwa haƙƙinsa daban ne, shekara 50 yake yi, kuma bisa doka yana hannun wanda ya yi ɗawainiyar shirya naɗin. Nan ne mawaƙa da yawa suke tuntuɓe. Mai baitoci da kari yana da nasa haƙƙi, wanda ya ɗauki nauyin naɗi yana da nasa. In ba a rarrabe su tun farko ba, husuma tana tafe.

Na biyu, ku adana shaida. Ku ajiye rubutun waƙa, da naɗin farko, da rasit na ɗakin naɗi, kowanne da kwanan watansa. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana karɓar rajistar ayyuka ta intanet. Rajistar ba tilas ba ce, amma takardarta hujja ce mai ƙarfi ranar da wani ya ce waƙar tasa ce. Ƙarar da take da shaida a hannu ba ta daɗewa, wadda ba ta daɗe ba kuwa ba ta cin kuɗi da yawa.

Na uku, komai a rubuce. Mu mutane ne masu kunya da kara, mukan ga kamar neman takarda daga hannun aboki rashin yarda ne. Amma doka ta ce sayar da haƙƙin waƙa, ko ba mutum ɗaya tak izinin amfani da ita, ba ya tabbata sai a rubuce. Tun ranar da aka gama naɗi, a ɗauki takarda ɗaya a rubuta sunan wanda ya tsara baitoci, da wanda ya yi kiɗa, da 'yan amshi, da kason kowa, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Haka kuma in za a yi wasa a wurin biki, ko a yi wa mai fim waƙa, a rubuta nawa ne lada, nawa ne kafin alƙalami, kuma waƙar ta wane ce bayan an gama aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na huɗu, ku ga lauya kafin sa hannu. Kuɗin da lauya zai karɓa don duba yarjejeniya a zama ɗaya bai kama ƙafar abin da zai karɓa don warware ta a kotu ba. Ku nemi wanda ya san sha'anin haƙƙin mallaka, ku je masa da takardunku a shirye, ku daidaita ladansa tun farko a rubuce. Tambayoyi huɗu za ku yi masa: Sayarwa ce wannan ko haya? Ta shekara nawa ce? Kashi nawa ne nawa, kuma yaushe za a riƙa biya? Ta yaya zan fita in abu ya ɓaci? Wanda ba ya jin Turanci kada ya dangwala hannu sai an karanta masa an fassara masa kowane layi.

Na biyar, ku haɗa kai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mawaƙa goma suna iya yin karo-karo su sa lauya ya tsara musu samfurin yarjejeniyar wasa da ta naɗi, kowa ya riƙa cike sunansa da kuɗinsa. Bugu da ƙari, akwai ƙungiyoyin tattara kuɗin haƙƙi, irin su MCSN, waɗanda aikinsu shi ne karɓo wa membobinsu kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal. Mawaƙi ɗaya ba zai iya bin waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya ba. Sai dai kafin ku shiga kowace ƙungiya, ku tabbatar daga bakin Hukuma cewa tana da lasisi.

Na shida, in husuma ta tashi, a fara da sulhu. Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya kaɗai ake yinta, abin da yake nufin kuɗin mota da masauki ga wanda yake nesa da babban birnin jiha. Amma akwai wasu ƙofofi. Ikko ta buɗe zauren sulhu na kotu a 2002, Kano da Abuja ma suna da nasu, inda mai shiga tsakani yake zaunar da ɓangarori biyu su daidaita cikin ɗan lokaci. Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023 ta ƙarfafa irin wannan daidaitawa. Ita ma Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka tana da ikon kafa kwamitin warware saɓani a kan kuɗin haƙƙi da sharuɗɗan lasisi. Saboda haka ku sa a rubuta cikin kowace yarjejeniya cewa sai an gwada sulhu kafin a je kotu. Kana, in an ɗora waƙarka a intanet ba da izininka ba, dokar 2022 ta ba ka damar aika wa masu shafin takardar neman a sauke ta, ba tare da shigar da ƙara ba.

A ƙarshe, ku ma ku kiyaye haƙƙin wasu. Ɗaukar kari ko baitin wani ba da izini ba shi ne hanya mafi sauri ta jawo wa kai sammaci, neman izini kuwa sau da yawa wasiƙa ɗaya ce.

Jama'a, abin da nake roƙonku shi ne kowa in ya koma gida ya fito da takardun da ya taɓa sa wa hannu ya duba su, wanda ba shi da ko ɗaya ya fara daga waƙarsa ta gaba. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.