Asalin Tsoka a Jikin Ɗan Tayi



Duk wanda ya ga manomin Aujara yana huɗa da damina, ko ɗan kokawa yana gwada ƙarfi bayan kaka, lalle ya ga aikin tsoka. To, ina tsokar nan ta samo asali?

Jikin ɗan Adam yana farawa ne daga ƙwayar halitta guda tak, wadda take ta rarrabuwa. Kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da kundin gado iri ɗaya, mai umarni wajen 20,000. Abin da ya sa wata ta zama ƙashi, wata kuwa tsoka, shi ne kowace tana buɗe waɗansu shafuka ne kawai, ta bar sauran a rufe.

A shekarar 1987, Harold Weintraub da abokan aikinsa, Davis da Lassar, suka gano wani umarni a birnin Seattle na Amurka, suka raɗa masa suna MyoD. Da suka cusa shi cikin ƙwayar ɓera wadda ba ta tsoka ba, sai ta rikiɗe ta zama ta tsoka. Watau sinadarin da MyoD yake samarwa yana maƙalewa a jikin kundin, ya buɗe shafukan tsoka. Shi da ɗan'uwansa Myf5 su ke yanke wa ƙwaya makoma. Daga nan sai myogenin ya ƙarasa aikin, ƙwayoyin su daina rarrabuwa, su haɗe su zama dogon zare.

Har wa yau akwai linzami, watau myostatin, wanda aka gano a 1997. Waɗansu shanun Beljiyam da nasu ya lalace, tsoka ta yi musu yawa har haihuwa takan gagara sai da tiyata.

Ga inda zancen ya shafe mu. Yawancin zaren tsoka kafin haihuwa ake ƙera shi, daga baya kauri yake ƙarawa. Bincike kan tumaki ya nuna uwar da ta sha yunwa da ciki takan haifi ɗa mai ƙarancin zaren. Saboda haka ku da za ku riƙe ofisoshin lafiya da na gona a Dutse da Jahun, ku sa abincin mai juna biyu, da harawar dabba mai ciki lokacin bazara, a sahun gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu dace.