Jadawalin Aiki A Masana'antun 'Ya'yanmu



Mu da muka tsufa da alli a hannu mun san wahalar tsara jadawalin darussa: malami ɗaya ba ya shiga aji biyu a lokaci guda. To, haka inji yake. Ga 'ya'yanmu sun kafa injinan gyaran shinkafa da na matsar gyaɗa a birane, amma da yawansu a ka suke riƙe alkawarin masu saye. Sai a sa wa mutum uku rana ɗaya, biyu su juya da motocinsu wayam, kuma da wuya su sake dawowa.

Manhajojin gudanar da masana'anta, irin su SAP da Odoo, suna da sashen da ke magance wannan. Za a shigar da yawan kayan da aka nema, da ranar bayarwa, da buhunan da inji ke iya fitarwa a awa guda. Daga ranar alkawari manhajar take lissafi ta koma baya, ta nuna ranar sayen shanshera da ranar tayar da inji. In wani inji ya tsaya, a sake jera ayyukan nan take. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1975 Joseph Orlicky na kamfanin IBM ya wallafa littafi a kan tushenta.

Sai dai fa a gaya mata gaskiya. Wanda ya rubuta awa 16 na aiki, alhali wuta da man janaretansa ba su wuce na awa 6 ba, jadawalin ƙarya zai samu. Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta shirya wa akawunan masana'antun nan bita kafin kakar bana.