Lauyan wutar lantarki: aikin da ke jiran matasanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

An ce in yi magana kan sana'a, sai na zaɓi wadda ba a cika ambatonta ba: aikin lauya a fannin wutar lantarki.

In an ce kuran, injiniya da turakun waya ne ke zo muku a rai. To amma kafin a kafa turke ɗaya, sai an zauna an rubuta wa zai gina, wa zai saya, nawa ne farashi, wa kuma zai ɗauki asara in abu ya ɓaci. Kun tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa. Mai walda ya zauna, mai ƙanƙara ya yi asara, ɗalibi ya koma tocila. Tun daga nan kowa ya gane dole mu samar da tamu wutar, kuma Allah ya ba mu rana.

An ma fara. Akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30. Akwai dokar wutar lantarki ta 2016, da hukumar ARSE mai sa ido kan fannin makamashi, ga NIGELEC, ga ANPER mai kula da kai wuta karkara. Ko'ina cikinsu ana bukatar wanda ya san doka.

Me lauyan yake yi? Kamfani zai zo ya ce zai gina tasha, a riƙa sayen wutarsa shekara 20 ko 25. Lauya ne zai duba: in ba a sha wutar ba, ana biya ko ba a biya? Da sefa za a biya ko da kuɗin waje? In rigima ta tashi, a ina za a yi shari'a, Yamai, Abijan ko Paris? Manomin da aka shimfiɗa farantan rana a gonarsa, an ba shi diyyar da ta dace? Layi ɗaya da aka sa wa hannu ba a karanta ba, ƴaƴanku ne za su biya shi cikin takardar kuɗin wuta.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga musulmi. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Rubuta yarjejeniya bisa adalci amana ce.

Wanda ke sha'awa, ga hanya. Bayan bak, ka karanci shari'a, a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Tawa. Abdou Moumouni ɗin nan da kansa masanin makamashin rana ne, ya daɗe yana jagorancin ONERSOL. Ka ƙware a Faransanci, ka ƙara da Ingilishi, domin masu zuba jari da yawa da shi suke rubutu. Kada ka ji tsoron lissafi: ka san bambancin kilowat da kilowat-awa, ka iya karanta asusun kamfani. Ƴan uwa mata, wannan kira har da ku.

Sai gargaɗi. Inda ake maganar miliyoyi, za a zo maka da ambulan, a kira shi goro. Ranar nan ce tarbiyyar da ka samu a wannan ƙungiya za ta yi maka aiki. Ka tuna da asibitin ƙauye da ake karɓar haihuwa da hasken wayar salula, ka mayar da ambulan ɗin.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu riƙe amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.