Tunani Ɗan Wucewa Ne: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu



Da yawanku kun san daren da barci yake ƙaurace wa ido. Kaya sun maƙale a kan iyaka, canjin naira da sefa ya juya, mai bin bashi zai zo da safe. Sai zuciya ta fara: "Jarina ya karye. Ni ba ni da amfani." Wannan saƙe-saƙe, in ya daɗe, yana hana ci, yana kawo faɗa a gida, yana iya kai mutum ga ciwon damuwa mai tsanani.

Masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suna koyar da wata dabara: lura da tunani ba tare da yanke masa hukunci ba. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da ita ga marasa lafiya a asibitin Jami'ar Masacusets da ke Amurka, cikin darasi na mako 8. Daga baya aka gwada ta ga waɗanda ciwon damuwa yake yawan dawo musu, aka ga tana rage dawowarsa.

Me ya sa ba za a kori tunanin kawai ba? Ku gwada yanzu: kada kowa ya tuna da jan goro. Ai ga shi nan a idon zuciyarku! Abin da aka matsa wa kora, shi yake naci.

Ku kun riga kun san hanya mafi sauƙi. Mutum nawa ke gifta rumfarku a yini? Wani ya taya ya wuce, wani ya kushe kaya ya wuce. Ba kwa binsu da gudu, ba kwa rufe rumfa saboda su. Haka za ku yi wa tunani.

Ku zauna na minti 5, bayan asuba ko kafin a buɗe rumfa. Ku ji tafin ƙafarku a ƙasa, ku bi shigar numfashi da fitarsa. In tunani ya zo, ku kira shi da sunansa. Maimakon "Na karye", ku ce a zuci: "Ga tunanin karyewa ya zo." Kada ku yi gardama da shi, kada kuma ku zargi kanku don ya zo. Ku komo ga numfashi. Hankali zai sulale sau goma, ku dawo da shi sau goma cikin lalama, kamar yadda uwa ke janyo yaro daga bakin titi. Dawowar ita ce aikin.

Wannan ba zai biya muku bashi ba. Amma wanda ya natsu shi ke iya buɗe littafin lissafi, ya je wurin mai bashi su daidaita, ya shiga gida da sakin fuska.

In baƙin ciki ya kai mako 2 bai saki ba, ko tunanin cutar da kai ya zo, ku je asibiti mafi kusa, a kowane ɓangaren iyaka kuke. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuma ya ci gaba da sha.

Allah Ya ba da kasuwa, Ya ƙara lafiya.